Da soja suka raba mana hagu da dama

A watan Oktoba na 1989 Janar Ibrahim Babangida ya yi watsi da ƙungiyoyi 13 da suka nemi rajistar zama jam'iyya, ya ce ga guda biyu nan ya ƙera mana: SDP, wai ta ɗan karkata hagu, NRC kuma ta ɗan karkata dama. Gwamnati ce ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi masu fasali ɗaya a ƙananan hukumomi, ta kuma riƙa ba su kuɗi. A rumfar mai shayi ba wanda ke maganar hagu ko dama. Tambayar dai ita ce: dokin SDP kake yi ko mikiyar NRC?

Asalin wannan rabo na hagu da dama daga majalisar Faransa yake, a 1789, inda masu son sarki ya ci gaba da riƙe ikonsa suka zauna dama da shugaban zama, masu neman sauyi suka zauna hagu. Rigima ce ta gaske ta raba musu kujeru.

Mu ma mun san irinta tun kafin a kawo mana sunan. Da aka kafa NEPU a Kano a 1950, ɗan jam'iyyar, wato ɗan Sawaba, ya san abin da ke kai shi gidan yari: ƙin aikin tilas, da ɗaga murya gaban hakimi. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Bafulatanin da aka daina ƙirga wa shanu bai buƙaci wani malamin jami'a ya gaya masa wane ɓangare ne nasa ba.

To, duba waɗanda suka cika jam'iyyar "hagu" ta Babangida. Shehu Musa 'Yar'aduwa, janar mai ritaya, Tafidan Katsina, attajiri. M.K.O. Abiola, hamshaƙin mai kuɗi, tsohon jigo a NPN, shi ya yi mata takarar shugaban ƙasa a 1993. Ba laifi ba ne mai kuɗi ya so talaka, amma ai gwangwani ne aka liƙa wa takarda kafin a zuba komai a ciki. Har a Kano, gidan Malam Aminu Kano, jagoran NEPU da PRP, rikicin cikin gida ya sa SDP ta rasa kujerar gwamna a 1991, Kabiru Gaya na NRC ya ɗauka.

A watan Nuwamba na 1993 Janar Sani Abacha ya rushe jam'iyyun biyu a jawabi ɗaya. Babagana Kingibe, abokin takarar Abiola, ya zama ministansa na harkokin waje, Rimi kuma na sadarwa.