Ingilishin takarda da Ingilishin iyaka

A ƙasar Magarya yaro yakan ji Ingilishi tun bai san sunansa ba. Yana jin shi a bakin fatake masu dawowa daga Daura da Maigatari, yana jin shi a tashar mota, har cikin Hausarmu ya samu wurin zama: bokiti, birki, direba. Amma sai ya shiga ajin farko na kwaleji sannan a fara koya masa shi a rubuce, kuma da Faransanci ake yi masa bayani. Ke nan kowace kalma sai ya juya ta sau biyu kafin ta iso kansa: daga Ingilishi zuwa Faransanci, daga Faransanci zuwa Hausa. A wannan doguwar hanya ce maki ke zubewa.

Na ga haka da idona a Sassumbrum, ana saura makonni kaɗan jarabawar BEPC. Ƴan lakwal biyar na ajin ƙarshe ne ƙarƙashin dogonyaro, suna cacar baki a kan tambayoyin gwaji uku.

Ta farko ita ce ma'anar «she passed the exam». Wanda ya fi su Faransanci ya rantse cewa ta zauna jarabawa ne kawai, tun da abin da «passer un examen» ke nufi ke nan. Wata yarinya, wadda dangin uwarta ke Daura, ta ce a'a, ta ci jarabawa ne. Ita ke da gaskiya. Gwanintarsa ce ta kayar da shi, domin kalmomin biyu kama suka yi, kuma kama da wane ba ta wane.

Ta biyu ita ce «go-slow». Yarinyar ta amsa ba tare da jinkiri ba: cunkoson motoci ne, duk wanda ya taɓa shiga Kano ya san gosulo. Takardar amsa kuwa cewa ta yi ma'aikata ne ke rage himma da gangan don neman haƙƙinsu, kamar yadda ake nufi a Ingila. A nan gardama ta yi zafi. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba, takardar ma ba ta yi ba. Sai dai ranar jarabawa takarda ce alƙali.

Ta uku ita ce «it is raining cats and dogs». Wani ya ce wannan zancen mahaukata ne, yaushe kyanwa da kare suka taɓa faɗowa daga sama? Na tambaye shi yadda muke cewa idan ruwa ya yi ƙarfi. Ya ce kamar da bakin ƙwarya. Na ce to, ka taɓa ganin ƙwaryar? Bafaranshe kuma igiyoyi yake gani suna saukowa. Suka bushe da dariya, kuma ban ga alamar za su manta ba.

Ya mai karatu, wannan rikici ba yaran suka jawo shi ba. Iyakar da Faransa da Ingila suka daidaita a kanta a 1906 ce ta raba mutane masu harshe guda, ta ba kowane ɓangare Turancinsa. Yau kuma zamani ya juya: kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ashe Ingilishi ya wuce darasin neman maki, ya zama hanyar abinci. Kafin nan ma, maki ɗaya kan raba wanda zai wuce lise a Magarya ko Damagaram da wanda zai koma gona.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Malamai su yi wa yara bayanin salon maganar Ingilishi da Hausa kai tsaye, su haɗa kowane da ɗan'uwansa na gida. Kayan aiki akwai: ƙamus ɗin Ingilishi da Hausa na Roxana Newman ya fito tun 1990, kuma ƙasarmu ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. Na biyu, masu shirya tambayoyi su tuna da yaran bakin iyaka, su guji kalmar da ke da ma'ana ɗaya a Landan, wata a Kano, ko kuwa su karɓi duka biyun. Na uku, kada a hana yara gardama. Wanda ya kare amsarsa da hujja, ko ya faɗi, ya fi wanda ya haddace bai san dalili ba.

Ingilishin da ƴaƴanmu ke tsinta a kasuwa dukiya ce. Aikin lakwal shi ne ta nuna musu inda ake kashe shi da inda ba a karɓarsa. Allah Ya ba su sa'a.