Ranar da Baba ya juya mini takarda

Ina da shekara 12 aka aika ni hutun damina Yamai, gidan kawuna. Kusa da gidan akwai wani tsohon soja, wanda ya daɗe yana busa cikin ƴan badujala. Kowa Baba yake ce da shi. A ɗakinsa akwai wani ƙaton akwati na katako, wai wani Bature ne ya sayar masa da zai koma ƙasarsu. Shi ne piyano.

Ran da na fara shiga, sai ya buɗe mini cikinsa. Na ga wayoyi birjik da ƴan ƙananan gudumomi a jere. In ka danna madanni, guduma ta bugi waya, sauti ya fito. Ya sa na ƙirga madannan: farare 52, baƙaƙe 36, duka 88. Ya ce wani mutumin Italiya mai suna Kristofori ne ya ƙera na farko, wajen shekarar 1700.

"Dubi baƙaƙen, ɗana," in ji shi. "Biyu, uku, biyu, uku. Farin da ke hagun biyun nan, sunansa Do. Daga shi sai Re, Mi, Fa, Sol, La, Si, kuma ka sake isko wani Do."

Wannan bai yi mini wuya ba. Wuyar tana ga takarda. Layuka biyar ne a kwance, an zuba musu ɗige-ɗige kamar kashin awaki. In ɗigo ya hau sama, sauti ya sirance. In ya sauko, ya yi kauri. Baƙin ɗigo mai wutsiya bugu ɗaya ne, farin mai wutsiya bugu biyu, farin da babu wutsiya bugu huɗu. A farkon layukan akwai wata alama da ta nannaɗe layi na biyu daga ƙasa, tana nuna nan ne gidan Sol. Daga nan ake ƙirga sauran.

Ni kuwa ƙirgan nan ya gundure ni. Ina da kunne, don a unguwarmu ta Damagaram kalangun mahauta ke tashe mu. Sai na samu dabara. Kullum Baba yakan fara kaɗa darasin sau ɗaya. Ni kuma sai in riƙe shi a ka, in ƙura wa takarda ido, yatsuna suna bin abin da na ji. Kun san irin ɗan lakwal ɗin nan da ya haddace shafi, yana bi da yatsa kamar mai karatu? To, ni ke nan. Sati biyu ina haka, ina jin daɗin yabo.

Wata safiya ya aza mini takarda, ya ce in kaɗa darasin jiya. Na kaɗa tsaf, ban yi kure ko ɗaya ba. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Lalle ka fi ni iyawa. Ni har yau ban iya karanta takarda a juye ba."

Na duba. Ashe kanta ƙasa yake! Kunya ta kama ni, kamar in nutse.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce kunne babban arziki ne, makaɗanmu da shi suke riƙe waƙoƙi barkatai. "Amma in ka koma gida, wa zai fara kaɗa maka?"

Daga ran nan ya daina kaɗawa. Sai in faɗi sunan kowane ɗigo da baki, in tafa bugunsa, kafin in taɓa piyano. Abin da nake yi dā cikin minti guda ya koma cin yini. Da hannun hagu ya shigo, da nasa layukan biyar, har kuka na yi.

Ana saura kwana huɗu in tafi, ya ba ni wani ɗan kiɗa da ban taɓa ji ba. Na yi ta fama da shi ɗigo-ɗigo. A rana ta uku sai na ji waƙa tana fitowa daga yatsuna, waƙar wani mutum da ban sani ba, wanda ya bar ta a takarda. Na ruga na kirawo kawu.

A gidanmu babu piyano. Na samu kwali, na zana madannai farare da baƙaƙe, na ɓoye takardar Baba cikin kayena na lissafi.