Gayya da Haƙar Rijiya

A shekarar da aka ba ni shugabanci a wani ƙaramin kamfani sabon kafawa, mu shida ne kacal. Sana'armu rubuta manhaja, watau jerin umurnin da a ke tsara wa kwamfuta ko wayar hannu ta bi. Wadda mu ke yi a lokacin ta 'yan kasuwa ce, don mutum ya riƙa rubuta bashin da ya ke bi cikin wayarsa. An fifita ni ne sabo da na fi sauran saurin hannu, ni kuwa na zaci shi ke nan abin da a ke bukata ga shugaba.

Mun yi wa masu kuɗin alkawarin gamawa cikin wata huɗu. Da wata uku ya shige, na duba na ga ko rabi ba mu kai ba. Sai na yi dabarar manomin da ciyawa ta ci ƙarfinsa, na kira gayya. Na ɗauko sababbin ma'aikata shida, muka zama goma sha biyu.

To, mai karatu, gayya ta kan yi amfani a gona ne don kowa na iya kama kunyarsa ya nome, ba ruwansa da na kusa da shi. Aikinmu kuwa haƙar rijiya ne. Ko gari duka ya taru a bakinta, mutum ɗaya ko biyu ne ke iya shiga ƙasa. Tsofaffin ma'aikatana suka ajiye aikinsu suna koya wa baƙi, kullum sai taro da tambaya.

Daga baya na sami labarin wani Ba'amurke, Fred Brooks, wanda ya shugabanci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM wajen 1964. A littafin da ya fitar a 1975 ya bayyana wannan ciwo sarai, ya nuna ƙara mutane ga aikin da ya riga ya makara ya kan ƙara masa jinkiri. Lissafin ba wuya. Mutum 6, in kowa zai yi shawara da kowa, hanyoyin magana 15 ne. In sun zama 12, hanyoyin sun koma 66. Hannuwa na ninka sau biyu, surutu ya ninka fiye da sau huɗu.

Akwai kuma laifin da ya fi wannan, wanda har yanzu ina jin kunyarsa. Da dare, in kowa ya tafi, sai in zauna in warware aikin yaran, in sake rubutawa yadda na ke so, ban gaya wa kowa ba. Ran nan wani daga cikinsu, yaro mai kunya ƙwarai, ya tsaya bakin ƙofata ya ce, "Yallaɓai, in aikina bai yi ba, a nuna mini inda na kuskure. In an gyara da dare, gobe ma haka zan sake yi."

Na rasa amsa. Washegari na raba su ƙungiya uku, kowace da nata yanki da mai kula da ita, na daina taɓa aikin kowa sai yana zaune kusa da ni. Sa'an nan na tafi wurin masu kuɗin, na faɗa musu gaskiya, cewa sai sun ƙara mana wata uku. Ransu ya ɓaci, ɗaya ma ya janye kuɗinsa. Mun gama a wata na takwas, yaron nan kuwa shi ya rubuta sashen lissafin bashi, daga farko har ƙarshe.