ASAKUSA TA BIRNIN TOKYO: A GIDAN ABINCI, MATAMBAYI BA YA ƁATA

Duk wanda ya sauka birnin Tokyo na ƙasar Japan, da wuya ya koma gida bai taka unguwar Asakusa ba. Tsohuwar unguwa ce a bakin Kogin Sumida, arewa maso gabas da tsakiyar birnin. A nan ne babban ɗakin ibadar nan na mabiya addinin Buda ya ke, watau Sensoji, wanda ya girmi duk 'yan'uwansa a birnin. Tun daga ƙofarsa ta waje, Kaminarimon, mai ƙatuwar jar fitila ta takarda, rumfuna ne jere dama da hagu, ga masu sayar da mafici, ga masu toye-toye, jama'a kuwa sai ka ce ranar kasuwa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a Japan ma, wanda aka buɗe cikin 1927, tsakanin Ueno da Asakusa ya fara kai da kawowa.

To, amma kallo ba ya maganin yunwa. In rana ta take tsaka, dole baƙo ya ratse cikin lungunan da ke bayan rumfunan, inda gidajen abinci su ke manne da juna, wasu kujerunsu ba su wuce goma ba. Alamar an buɗe ita ce ɗan gajeren labule mai tsage-tsage da a ke ratayawa a bakin ƙofa, sunansa "noren". In an sauke shi, to, an tashi.

ABINCIN ROBA A TAGA

Abin da ke fara jan idon baƙo shi ne akwatin gilashi a gaban gidajen, cike da kwanonin shinkafa da kifi da taliya, kowanne da kuɗinsa a rubuce. Mutum sai ya rantse yanzu aka sauke su daga wuta, alhali kuwa na roba ne. Wani mutum, Iwasaki Takizo, shi ya yaɗa wannan sana'a bayan ya kafa kamfaninsa a Osaka cikin 1932, a lokacin da kaki a ke yin su. A titin Kappabashi, 'yar tafiya kaɗan da ƙafa daga Sensoji, akwai kantunan da irin waɗannan kwanoni ne hajarsu.

Saboda haka wanda bai iya ko "sannu" da Japananci ba, yana iya jawo mai gidan zuwa taga ya nuna da yatsa. In ya ƙara da cewa "kore o kudasai", watau "a ba ni wannan", to, ya fita kunya. Sai dai yatsa kwano kawai ya ke nunawa, ba ya iya tambayar abin da aka zuba a tukunya. Ga Musulmi kuwa, ko wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci, nan ne maganar ta ke.

DAGA ƘOFA ZUWA KUJERA

Da baƙo ya ɗaga labule, sai ya ji ma'aikata sun ɗauka gaba ɗaya da ƙarfi: "irasshaimase!" Kada ya firgita, maraba ce, ba a kuma jiran ya amsa, ɗan sunkuyar da kai ya wadatar. Sa'an nan a tambaye shi, "nanmei-sama desu ka?", watau ku nawa ne. Mutum ɗaya "hitori", biyu "futari", uku "sannin". In ya zauna, za a kawo masa jiƙaƙƙen tawul na goge hannu, "oshibori", da ruwa ko shayi, duk kyauta.

Daga nan ba wanda zai tsaya masa a ka. Al'adarsu ce a bar mutum ya yi shawara, in ya shirya ya ɗaga hannu ya ce "sumimasen". Wannan kalma ita ce mabuɗin garin: da ita a ke kiran mai kawo abinci, da ita a ke neman hanya cikin cunkoso, da ita a ke ba da haƙuri. Ta biyunta ita ce "onegaishimasu", kalmar roƙo da a ke liƙawa a bayan duk abin da a ke bukata. Mai son sanin abin da gidan ya fi gwaninta a kai sai ya ce "osusume wa nan desu ka?" A gidajen taliya da yawa kuwa, na'ura ce a bakin ƙofa: a zuba kuɗi, a danna, tikiti ya fito, a miƙa wa mai dafawa. Wanda ke da tambaya, gara ya yi ta tun bai danna ba.

Bahaushe yana da sa'a wajen furta waɗannan kalmomi. Wasulan Japananci biyar ne kamar na Hausa, kuma su ma suna bambanta dogon wasali da gajere. A wurinsu "biru" dogon gini ne, "biiru" kuwa giya ce. Abin lura ɗaya shi ne, "u" na ƙarshen "desu" da "masu" kusan ba a jin sa, sai a ce "des" da "mas".

ALADE MAI SUNA BIYU

Abin mamaki, Japanawa sun daɗe ba su ɗauki nama abincin yau da kullum ba. Cikin shekara ta 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar hana cin naman sa, da doki, da kare, da biri, da kaza, koyarwar addinin Buda kuma ta ƙarfafa ƙyamar nama har shekaru fiye da dubu. Sai cikin 1872, da aka ba da labarin Sarki Meiji ya ci naman sa, sa'an nan ƙofa ta buɗe. Alade, da ya ke ya fi sa araha, ya shige tukwanen talakawa. A nan Asakusa aka buɗe gidan Rairaiken cikin 1910, da masu dafa abinci 'yan Sin, wanda a ke lasafta shi cikin mafarin taliyar nan mai romo da ta game duniya, "ramen".

Sunan naman alade "butaniku". Amma fa harafin da su ke rubuta alade da shi karatu biyu gare shi, "buta" da "ton", kuma nan ne baƙi kan yi tuntuɓe. "Tonkatsu" soyayyen naman alade ne, "tonkotsu" romon ƙashinsa, "tonjiru" miyarsa. Akwai kuma waɗanda sunansu bai nuna komai ba: yankan naman da a ke ɗorawa kan ramen, "chashu", na alade ne, ƙunshin fulawar nan "gyoza", galibi da shi a ke cusa shi, niƙaƙƙen nama mai suna "aibiki" kuwa gamin sa da alade ne.

Jimla uku ya kamata baƙo ya haddace kamar sunansa. Ta farko, "butaniku wa taberaremasen": ba na iya cin naman alade. Ta biyu, "butaniku wa haitte imasu ka?": akwai naman alade a ciki? Ta uku, "suupu ni buta o tsukatte imasu ka?": an yi amfani da alade a romon? Ta ukun nan ta fi muhimmanci, domin mai dafawa na iya tsame yankan nama da zuciya ɗaya, ya ce ai babu nama, alhali romon ya kwana yana tafasa da ƙashi. Ba ha'inci ba ne, shi a ganinsa romo daban, nama daban. Kalmar "nuki de", watau "ban da", tana cire abin da ido ke gani ne kurum. Kitsen alade kuma, wanda a kan soya abu da shi, sunansa "raado". Daɗin daɗawa, gidaje da yawa suna da takardar da ke nuna kayan da ke cikin kowane kwano saboda masu lalurar jiki, kuma sau da dama a kan sami alade a jerin. Ana neman ta da kalmar "arerugii".

BARASAR DA BA A GANI

Ta kofi mai sauƙi ce: "osake wa nomemasen", ba na shan giya. Ta tukunya ita ce mai wuyar gane wa. Girkin Japanawa ya dogara ƙwarai kan "mirin", wani ruwan shinkafa mai zaƙi wanda na ainihinsa ke da barasa wajen kashi 14 cikin 100, da kuma "ryorishu", giyar girki. Su ke sa gasasshen kifi da kaza sheƙi, suna kuma shiga ruwan da a ke tsoma taliyar "soba" da "udon". Tambayar ita ce, "mirin ya osake o tsukatte imasu ka?" Hukuncin abin da wuta ta riga ta ƙone barasarsa, wannan fagen malamai ne, kuma ya fi kyau matafiyi ya nemi fatawa tun yana gida. Aikin harshe shi ne ya san abin da ke gabansa.

Mai neman sauƙi sai ya nufi kifi. "Shioyaki" kifi ne gasasshe da gishiri kaɗai, "sashimi" yankan ɗanyen kifi, "gohan" farar shinkafa. Naman sa da na kaza kuwa, a gidajen gama-gari ba yankan Musulunci ba ne. Amma abubuwa sun sassauta tun daga 2013, lokacin da Japan ta ɗauke wa mutanen Malesiya biza, baƙi Musulmi suka yawaita. Cikin 2015 hukumar gundumar Taito, wadda Asakusa ke ƙarƙashinta, ta fara tallafa wa masu gidajen abinci don su sami takardar shaidar halal, wadda su ke furtawa "hararu".

SANIN AMSA YA FI IYA TAMBAYA

Iya tambaya rabin aiki ne, saura gane amsa. "Haitte imasu" akwai ke nan, "haitte imasen" babu; bambancin duka a wutsiyar kalma ya ke, sai a kasa kunne har ƙarshe. "Hai" kuma ba kullum ta ke nufin "i" ba, wani lokaci ma'anarta "ina jin ka" ce kawai. Bugu da ƙari, Bajapane yana jin nauyin cewa "a'a" ƙiri-ƙiri ga baƙo. In ya karkata kai, ya ja numfashi ya ce "chotto...", ko "muzukashii desu", watau da wuya, to, ya ƙi ke nan cikin ladabi. Mai hankali ba ya ja, sai ya yi godiya ya nemi wani gida. Wanda ya tashi cikin mutanen da su ka san kara da kawaici ba zai kasa gane wannan ba. Ita kuwa "daijobu desu", da a kan ji ko'ina, tana iya zama "ba komai", tana iya zama "a'a, na gode". Ba kalmar da za a dogara da ita ba ce a zancen halal da haram.

In abinci ya iso, a kan ce "itadakimasu", kalmar nuna godiya kafin ci. Zuƙar taliya da ƙara ba abin kunya ba ne a can, amma kafa tsinkayen cin abinci tsaye cikin shinkafa babban kuskure ne, domin haka a ke ajiye wa mamaci. In an ƙare, sai a ce "okaikei onegaishimasu", a kawo lissafi, galibi kuma a bakin ƙofa a ke biya. Ba a ba da tukuici. Wanda ya bar canji a tebur, ana iya bin sa da gudu a mayar masa. A gidajen dare da a ke kira "izakaya", ɗan kwanon da a ke kawowa ba a nema ba, "otoshi", yana cikin lissafi, kuɗin zama ne.

Kalma ta ƙarshe ita ce "gochisosama deshita", godiya ga wanda ya sha wahalar girki. Baƙon da ya faɗe ta yayin da ya ke ɗaga labule zai fita, ko da harshensa ya karye, zai ga mai dafawa ya ɗago kai daga tukunya ya rusuna masa. Jimlolin nan duka ba su cika shafi guda ba, ana iya haddace su cikin jirgi kafin a sauka. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, sun kuma ce matambayi ba ya ɓata. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya ciyar da su halal.