Zauren Karatun Yara a Birnin Zariya

Daga Tudun Wada, keke napep yakan shigar da mutum birnin Zariya ta Ƙofar Doka. Daga nan sai tafiyar ƙasa cikin lungu, har a iso wani tsohon zaure na ƙasa, inda wata malamar firamare da ta yi ritaya take tara yaran unguwa tana karanta musu littafi. Ranar Alhamis da la'asar ake zama, saboda ranar ba a zuwa makarantar allo.

Abin da baƙo zai fara gani shi ne tulin silifas a bakin ƙofa. Ranar da na je, a waje wata yarinya tana tallar gyaɗa, ƙulli naira hamsin, amma rabin hankalinta yana ciki. Yara kusan talatin na tarar a kan tabarmi biyu, yawancinsu ba su wuce shekara bakwai ba, wasu da ƙannensu a goye. Babu fanka, babu benci, kuma ba a biyan ko sisi.

Malamar ba ta buɗe littafi sai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," zauren ya ɗauka, "Ta zo mu ji ta!" A ranar, labarin Gizo da Ƙoƙi take karantawa daga Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. In Gizo zai yi magana sai ta maƙale murya ta yi tsamin bakinsa, yara su kwashe da dariya. In kura ce, sai ta kumbura kumatu. Tana isa inda Gizo zai ƙulla makirci sai ta kife littafin a cinya, ta tambaya, "To 'ya'yana, me kuke gani zai yi?" Nan fa musu ya kaure. Ba ta tsawatar wa kowa ba, kuma a ganina wannan haƙurin nata ne yake riƙe yaran. Wani ɗan ƙarami ma miƙewa ya yi yana kwaikwayon tafiyar kura, ta dakata har ya gama.

Na tambaye ta, "Malama, ba a ce mai yin tatsuniya da rana ɓata yake yi ba?" Ta ce kakanni sun faɗi haka ne don yara su yi aiken gida, ita kuwa da dare iyaye ba sa barin ƙanana su fito.

A kusurwa akwai akwatin ƙarfe inda take ajiye littattafan. Na ga Ka Koyi Karatu, da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a nan Zariya a ƙarshen shekarun 1930, bangonsa an ɗinke da zare. Shi wannan manyan yaran take karanta wa, kaɗan-kaɗan, domin jimlolinsa sun yi wa ƙanana tsawo. Abin da ya fi damunta shi ne ƙarancin littattafan Hausa masu manyan hotuna, irin waɗanda ɗan shekara huɗu zai nuna da yatsa ya faɗi abin da ya gani. Kaɗan da take da su har sun yage saboda yawan hannu.

Ana kiran magariba ta ce "Ƙurunƙus," yara suka watse neman takalma. Duk mai littafin yara da 'ya'yansa suka girma suka bari, ya duba unguwarsu, zai sami mai karanta wa yara da yake bukatarsa.