KULOKE: GARIN KATAKO DA WUTA TA CINYE

Yau za mu leƙa wani ƙaramin gari na arewacin Amurka, cikin jihar Minesota. Sunansa Kuloke. Yana bakin kogin San Luwi, kimanin kilomita 30 yamma da birnin Dulut. Mutanensa sun ɗara dubu 12 kaɗan.

Tun ba a kafa garin ba, akwai masu ƙasa: Ojibwe, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka. Suna kamun kifi, suna farauta. Da kaka su shiga kwalekwale na ɓawon icce, su kakkaɓe wata shinkafa mai tsirowa da kanta cikin tafki, wadda suke kira manoomin. Abin da ya zube cikin ruwa shi ne irin baɗi. Faransawa masu fataucin fatu suka sa wa yankin suna Fond du Lac, wato ƙarshen tafki, don nan ne babban tafkin Supiriya ya tsaya.

A shekarar 1854 shugabannin Ojibwe suka sa hannu ga yarjejeniya da gwamnatin Amurka. Suka ba da ƙasa mai yawa, aka keɓe musu wani yanki, tare da ikon farauta da su cikin ƙasar da suka bayar. A 1889 wata doka ta rarraba yankin nan gida gida, abin da ya saura aka buɗe ma masu saye. Ta haka ƙasa mai yawa ta fita hannunsu.

Mi baƙi ke nema? Icce. Akwai wani icce da ake kira farin fayin, miƙaƙƙe, ya fi giginya tsawo nesa ba kusa ba, katakonsa na da daɗin aiki. Masu sara suna shiga daji lokacin sanyi. Dawaki su jawo gumagumai bisa ƙanƙara har bakin kogi. In ƙanƙara ta narke, ruwa ya kwashe su zuwa injinan tsaga katako na Kuloke. Gari ya cika, kuɗi suka samu. Amma masu sara gindi kawai suke ɗauka. Rassa da ganye su bar su tuli tuli cikin daji suna bushewa.

Shekarar 1918 aka yi fari. Tartsatsin jirgin ƙasa ya kama ciyawa gefen hanya. Ran 12 ga Oktoba iska mai ƙarfi ta taso, wuta ta bi busassun rassan nan da gudu. Kafin gari ya waye Kuloke ya zama toka, ƙauyen Ojibwe da ke kusa shi ma ya ƙone. Jiragen ƙasa suka fid da dubban mutane cikin dare, shi ya sa waɗanda suka mutu cikin garin ba su da yawa. Amma cikin yankin duka mutum 453 suka rasu, hekta wajen dubu 100 suka ƙone.

An sake gina garin. Manyan itatuwa dai sun ƙare, sai aka koma ga ƙanana, ana yin takarda da su. Har yanzu akwai masana'antar takarda a can.

Su kuwa Ojibwe ba su tashi ba. Suna da majalisarsu, suna ta sayen ƙasar kakanninsu suna maido ta, suna gyara tafkunan shinkafa. A 1987 aka kafa babbar makaranta a Kuloke inda ake koyar da harshensu.

To jama'a, dajin da ya ciyar da mutane ɗaruruwan shekaru, gatari ya gama da shi cikin zamanin mutum guda, wuta ta share sauran. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.