DAGA OSLO ZUWA BERGEN: JAGORAN DA BA YA MAGANA SAI AN BIYA

A zamanin fatake ayari ba ya tashi sai da jagaba, watau mutumin da ya san inda rijiya take, da inda zango yake, da hanyar da ruwa ya yanke. Ba a kuwa ɗaukarsa kyauta, sai an yanka masa ladansa. Na ɗauka wannan zamani ya wuce, sai da tafiya ta kai ni ƙasar Norwe a watan Fabrairu na 2025 na tarar jagaban yana nan, ya shige cikin allon mota, yana kuma karɓar albashinsa wata-wata.

Wani ɗan gajeren kwas na 'yan jarida ya kai ni Oslo, babban birnin ƙasar. Da aka gama, wani ɗan garinmu da ya daɗe yana aiki a can, wanda nake kira Yaya saboda ya girme ni nesa, ya ce ba zan koma gida ba sai ya kai ni Bergen a motarsa na ga duwatsu. Tsakanin biranen nan biyu, ta hanyar da ake kira E16, akwai fiye da kilomita 500, watau ya ɗara Kano zuwa Abuja.

Kafin mu kama hanya ya kamata mai karatu ya san irin ƙasar da muke ciki. Mutanen Norwe kimanin miliyan biyar da rabi ne. Suna da man fetur mai yawa tun da aka gano shi a tekunsu a 1969, amma duk da haka babu ƙasar da ta kai su rungumar motar lantarki. A shekarar 2024, cikin kowace sabuwar mota 100 da aka sayar, kusan 89 masu batir ne zalla. Dalili kuwa shi ne gwamnati ta daɗe tana ɗauke wa irin waɗannan motoci haraji, ga shi kuma kusan duk wutar ƙasar daga madatsun ruwa ake samunta. Saboda haka in ka tsaya a bakin titi a Oslo, motoci na ta wucewa, amma ba ka jin komai sai ƙarar taya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Mun tashi da ƙarfe takwas na safe, gari bai gama wayewa ba. Motar Yaya ta hannu ce, ya saye ta daga wani Bature, kuma ta kwana a jikin wuta har batirin ya cika. A gaban direba akwai allo mai faɗin faranti, a kansa taswira tana nuna mu kamar ƙwayar gero tana rarrafe. Muka wuce Honefoss, muka shiga kwarin Valdres, dama da hagu itatuwa sun sha dusar ƙanƙara kamar an baɗe su da garin rogo, tafkuna sun daskare har mutane na tafiya a kansu.

Tun a nan na fara lura da abu guda. Batir ba ya son sanyi, kuma da shi ake ɗumama cikin motar, don haka lissafin da allon ya yi mana da safe sai zubewa yake yi fiye da tafiyar da muka ci. Da muka isa Fagernes, wani ƙaramin gari a bakin tafki, taswira ta kai mu tashar caji daidai, amma muka tarar duk wuraren sun cika, ga motoci a layi, kowace da katakon zamiya a kan rufinta, domin lokacin hutun sanyi ne na 'yan makaranta. Muka yi kusan awa guda muna jira.

Na ce, "Yaya, wannan allo da ya san kowane lungu, ya kasa gaya mana wurin a cike yake?"

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ce, "Ya sani sarai, ƙanena. Ya ƙi faɗa ne, don ban biya shi ba."

A nan ya warware mani zancen. Cikin motar akwai layin waya kamar na salularka, ta nan take magana da kamfanin da ya ƙera ta. An ba mai ita na farko 'yan shekaru kyauta, wa'adin kuwa ya cika wata guda kafin zuwana. Taswirar tana nan, tana kuma nuna hanya, domin saƙon da ke saukowa daga taurarin ɗan'adam na GPS kyauta ne ga kowa. Abin da aka rufe shi ne labarin yanzu-yanzu: inda motoci suka cunkushe, inda aka datse hanya, da tashar cajin da ke da gurbi. Kuɗin bai fi na abincin rana ɗaya a Oslo ba, amma Yaya ya ce shi ba kuɗin ke damunsa ba. Ya sayi mota da duk abin da ke cikinta, don me zai riƙa biyan haya a cikin kayansa?

Ba shi kaɗai ke wannan ƙorafi ba, domin al'adar ta yaɗu a kamfanonin mota. A 2018 kamfanin Tesla ya raba hidimar intanet ta motocinsa gida biyu, ta gama-gari da ta musamman. Daga baya ya sa wa ta musamman dala 9.99 a wata a Amurka, kuma a cikinta ne ake ganin cunkoson hanya a kan taswira, da hoton ƙasa daga sama, da kiɗa da finafinai. A 2022 ya sanar cewa ga motocin da aka yi oda bayan 20 ga Yuli na wannan shekara, ta gama-garin ma shekara 8 ce kyauta. A shekarar dai kamfanin BMW ya nemi fam 15 a wata a Ingila kafin kujerar mota ta ɗumama, alhali kuwa wayoyin ɗumamawar suna cikin kujerar tun daga masana'anta. Da surutu ya yi yawa, ya janye a 2023. Shi kuwa Mercedes, a 2022 ya sa dala 1,200 a shekara a Amurka ga mai son a ƙara wa motarsa ta lantarki ƙarfin fizga.

Da layi ya zo kanmu, ganin mutanen da ke bayanmu, Yaya bai bari batirin ya cika ba muka cire. Wannan shi ne kuskurenmu. Gaba da Fagernes hanya ta fara hawan tsaunin Filefjell, wanda tsayinsa a inda titi ya ratsa ya kai kimanin mita 1,000. Itatuwa suka ƙare, sai fari fat ko'ina, da dogayen sanduna da aka kakkafa a gefen titi don masu share ƙanƙara su gane inda kwalta take. Iska ta taso, hawa yana cin wuta, sanyi yana ci, lambar batir tana sauka muna kallo. Yaya ya rage ɗumin motar, muka ja riguna. Hira ta mutu.

Mai motar fetur in mai ya ƙare masa, ya ɗauki jarka ya tari wata mota. Wuta kuwa ba a ɗebo ta a jarka. Abin da muke bukatar sani a lokacin bai wuce biyu ba: shin hanyar gaba a buɗe take, kuma shin tashar da ke gangare tana aiki? Na ce mu duba a waya. Ya ce waya za ta taimaka, amma ba ta san abin da ya rage a batir ba, motar ce kaɗai ke iya haɗa nisa da hawa da sanyi ta ce za ku kai ko ba za ku kai ba. Kuma in ta san tashar caji aka nufa, takan ɗumama batirin tun a hanya don ya sha wuta da sauri.

A wani wurin tsayawa ya ratse, ya yi shiru, sa'an nan ya zaro waya da katin banki. Ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya, amma yau ga ni ina fafewa." Ba a yi minti goma ba allon ya farka. Hanya ta yi kore, watau a buɗe take, a Laerdal kuma ga gurabe suna jira. Babu makanikin da ya zo, babu ƙusar da aka ɗaure. Wani ne a can nesa ya buɗe ƙofar da ke cikin motar tun ranar da aka ƙera ta.

Da muka fara gangarawa na ga wani abin mamaki: lambar batir ta daina sauka, har ta ɗan ƙaru, domin irin wannan mota tana mayar da ƙarfin birki ya zama wuta. Hankali ya kwanta har muka ratse Borgund muka ga wani tsohon coci na katako zalla, baƙi wuluk saboda shafen kwalta, wanda ya shekara fiye da 800 a tsaye. Muka sha caji a Laerdal, sa'an nan muka shiga ramin da aka fafe a cikin dutse, mai tsawon kilomita 24.5, wanda aka buɗe a 2000. Tafiyar minti ashirin ce ba ka ganin sama, sai wasu manyan koguna uku da aka haska da shuɗiyar fitila don kada barci ya ɗauki direba. Muka fito Aurland, inda teku ya kutso tsakanin duwatsu, muka wuce Voss, muka shiga Bergen da dare cikin ruwan sama, wanda aka ce shi ne abincin garin.

In za a yi adalci, kamfanonin suna da hujja. Layin da ke cikin motar ba kyauta suke samunsa ba, kuma tattara labarin dubban tashoshi dare da rana aiki ne da ke cin kuɗi muddin motar tana raye. Biyan wannan ba zalunci ba ne. Amma akwai bambanci tsakanin kiɗa da rijiya. Wanda bai biya kuɗin kiɗa ba, ya yi tafiya shiru. Wanda aka ɓoye wa inda wuta take a kan tsauni cikin sanyi, da ransa ake ciniki. Daɗin daɗawa, abin da ke rataye da layin waya yana iya mutuwa ko ka biya: a 2022, da kamfanonin waya na Amurka suka rufe tsohon layin 3G, motoci da yawa sun wayi gari hidimarsu ta intanet ta yanke, alhali lafiyarsu ƙalau.

To, tun da yake yawancin motocin da muke hawa a Nijeriya na hannu ne daga waje, kuma masu lantarki sun fara shigowa, ga shawara. Kafin ka biya, kada ka tsaya ga duba taya da fenti. Tambayi mai sayarwa: cikin abubuwan da allon nan ke yi, wanne ne nawa, wanne ne na haya? Yaushe wa'adin zai cika? Layin da ke ciki zai yi aiki a ƙasarmu? Matambayi ba ya ɓata.

Washegari da za mu juyo, na tambayi Yaya ko zai soke rajistar in mun koma Oslo. Ya dubi allon, ya dubi duwatsun da ke jiranmu, ya ce, "Bari dai sanyi ya wuce tukuna." Allah ya kai mu, ya kuma sa mu sauka lafiya.